Dogon Hutu A Ƙasar Warra: Wa Aka Bar Wa Kiwon Yaran Firamare?

Akwai wata magana da ya kamata iyayen yara da malamai da masu unguwanni na ƙasar Yawuri su zauna su dube ta da idon basira, tun daga Warra da Libata da Birnin Yawuri a Ƙaramar Hukumar Ngaski, har zuwa Yelwa da Zamare da garuruwan Shanga. Maganar kuwa ita ce ta hutun makarantun firamare, da halin da yara suke shiga a cikinsa. Ranar da aka raba sakamakon jarrabawa aka rufe aji, hedimasta ya sa kwaɗo a ofishinsa, malamai suka watse, to daga ranar babu wanda yake ɗauke da nauyin karatun yaron nan har sai an koma. Hukuma tana ganin ta sauke nata, iyaye kuma suna ganin karatun boko aikin malamin boko ne, shi kuwa yaro yana tsakiya kamar akuyar da aka kwance ba makiyayi.

Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Sau uku ake rufe makarantu a shekara: hutun ƙarshen shekara, da na bayan zango na biyu, sai kuma dogon hutu wanda yake kamawa daga wajen ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba. In aka haɗa su, kusan wata uku ke nan cikin goma sha biyu. Yaron da ya yi shekara shida a firamare ya yi kimanin shekara ɗaya da rabi yana hutu. Wannan na hutun da aka tsara ne kawai, ban da na dole. A 2020 cutar korona ta sa an rufe makarantun ƙasar nan fiye da wata shida. A azumin 2025 jihar Kebbi tana cikin jihohin da suka rufe makarantu na kimanin mako biyar, tare da Kano da Katsina da Bauchi, aka yi ta cece-ku-ce a gidajen rediyo da jaridu tsakanin masu suka da masu karewa, amma a duk cikin hayaniyar nan da wuya a ji wanda ya tambaya: shin me yaran suka yi da waɗannan makonni biyar? A Nuwamban 2025 kuma, bayan sace 'yan mata 25 a makarantar Maga, sai da aka sake rufe makarantu a jihohi da dama saboda tsoro.

A Birnin Kebbi ko Abuja, ɗan mai hali ba ya rasa inda za a kai shi. Akwai darasin hutu na kuɗi, akwai malamin da ake ɗauka ya zo gida, akwai littattafai a ɗaki da wutar da za a karanta su. Ɗan masunci a tungar bakin Kainji da ɗan manomi a ƙauyen Ngaski ba su da ko ɗaya. Tun asuba an tafi da wannan duba taru, wancan kuma yana gona wajen maimai ko dashen shinkafa, domin dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa. 'Yan mata kuwa tallan ya ninka, daga kasuwa zuwa tasha zuwa bakin ruwa inda jirage suke sauke fasinja. Wasu yaran an ja su ramukan haƙar zinariya da suka yawaita a yankin, suna ɗaukar ƙasa da dutse don 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Wanda bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, yana gidan kallo ko yana leƙen wayar yayansa, inda yake ganin abin da babu uban da zai yarda ɗansa ya gani.

Taimakon iyaye a gona ko a ruwa ba laifi ba ne, tarbiyya ce, kuma da shi aka san ɗan halak. Inda gizo yake saƙar shi ne, ɗan abin da yaron ya tsinta a aji, wanda dama bai zauna masa ba, cikin waɗannan makonni yake zubewa. Duk malamin firamare na ƙauye ya san wannan ba sai an gaya masa ba. In aka dawo a Satumba, makonnin farko a maimaita abin da aka yi bara suke tafiya, sannan a tura yaro aji na gaba ko ya iya ko bai iya ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya ne kawai cikin huɗu yake iya karanta ɗan gajeren labari ya fahimce shi, haka ma a ɓangaren lissafi, kuma a Arewa maso Yamma abin ya fi haka muni. Ma'ana, akwai yara birjik da suke aji biyar da aji shida, sanye da kayan makaranta, sunansu yana cikin rajista, alhali ba za su iya karanta takardar asibiti ko wasiƙar da aka aiko wa mahaifinsu ba. Irin wannan yaro in ya yi mako shida bai ga harafi ba, me ya rage masa?

Bayan asarar karatu akwai ta rayuka da lafiya. Mutanen Warra ba za su manta da ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma cikin mamatan akwai mata da ƙananan yara masu yawa. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyalansu haƙuri. Yaran wannan yanki a kan ruwan nan suke rayuwa, kuma lokacin hutu ne suka fi shiga kwale-kwale, sau da yawa su kaɗai ba babba, daidai lokacin da ruwan damina yake cika rafuka yana haura gaɓa. Akwai kuma tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan da ƙananan dodon koɗi suke zaune, wadda ta daɗe a bakin tafkin har wasu suna ɗaukar ta alamar balaga, alhali kuwa cuta ce mai cin mafitsara a hankali. Game da zinariya kuma, gubar dalma da ke cikin dutsen da ake niƙawa ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ta kashe wasu 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Babu shakka mahukunta suna da kaso mai tsoka a cikin wannan lalacewa. An yi shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, an ƙaddamar da UBE a Sakkwato a 1999, an yi mata doka a 2004 wadda ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. An kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, daga baya aka ɗora mata kula da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Duk waɗannan suna nan a takarda. Sannan mutanen nan su ne aka tasa kimanin 44,000 daga garuruwansu da gungayensu lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, don a sama wa ƙasa wutar lantarki, amma yau jikokinsu da yawa ba su da fitilar da za su duba littafi da dare. Haƙƙi ne a ci gaba da faɗar wannan da babbar murya a gaban duk wanda ya zo neman ƙuri'a. To amma yaron da yake aji uku bana ba zai tsaya da girma yana jiran ranar da gwamnati za ta farka ba. Shekarunsa tafiya suke yi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zaman jiran hukuma a kan abin da unguwa za ta iya yi da hannunta, jiran gawon shanu ne.

Abin da ake kira gare shi a nan ba shi da tsada kuma ba shi da wuya. Kowace unguwa, kowace tunga, ta ware awa biyu a rana, kwana huɗu ko biyar a mako, a duk tsawon hutu, a tara yaran firamare a zaure ko rumfar masallaci ko ajin Islamiyya ko ƙarƙashin inuwar bishiya, a koya musu karatu da rubutu da lissafi. Lokacin kuma jama'ar wurin ne za su zaɓa daidai da sana'arsu, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tungar masunta, inda ake fita tun duku-duku a dawo da hantsi, daga hantsi zuwa azahar ya fi dacewa. A ƙauyen manoma, inda ake wuni a gona har rana ta take, sai a sa bayan azahar kafin a shiga Islamiyya. Ranakun Alhamis da Juma'a da makarantar allo take hutu ana iya ƙara lokaci. Ranar kasuwa a bar ta, domin duk tsarin da ya yi karo da kasuwa shi ne zai faɗi.

Mataki na farko shi ne a manta da ajin da yaro yake, a gwada abin da ya iya. Gwajin ba ya cin minti biyar: a nuna masa haruffa, in ya wuce a nuna masa kalmomi, in ya wuce a ba shi jimla biyu ko uku, in ya wuce a ba shi ɗan labari a tambaye shi abin da ya ji. Inda ya tsaya, nan ne rukuninsa, ko da kuwa ɗan aji shida zai zauna da ɗan aji biyu, sai dai a yi abin cikin hikima ba tare da kunyata kowa ba. Wata ƙungiya mai suna Pratham a ƙasar Indiya ce ta yi fice da wannan hanya, inda take amfani da matasan ƙauye 'yan sa kai da gajerun zama na 'yan makonni, kuma an gwada ta a nan Nijeriya a jihohin Barno da Kano. Amma in an duba da kyau, ba baƙuwar hanya ba ce a ƙasar Hausa. Malamin allo bai taɓa yi wa almajiri ƙari don shekarunsa ba, sai ya biya na jiya ya iya sannan a wanke allo. Abin da boko ya manta ne allo ya riƙe.

Kuma a fara da harshen da yaro yake ji. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma ta soke ta ce a koma Turanci. Su can Abuja su yi ta juyawa, amma a zauren unguwa babu dalilin da zai sa a fara wa yaro da yaren da ko kalma goma bai sani ba a cikinsa. Hausa yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta, don haka yaron da ya gane haruffa ya iya haɗa baƙi da wasali, ba zai daɗe ba zai fara tsinkar kalmomi da kansa. Wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ma ya riga ya san sirrin, sai dai a nuna masa cewa abin da fataha da kisira da rufu'a suke yi a allo, shi a da i da u suke yi a boko. Yaran Kambari da Gungawa da Shangawa da Fulani waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, a nemo musu matashi ɗan yarensu ya riƙa yi musu bayani. In karatun Hausa ya zauna, Turanci zai sami wurin da zai dafa.

Kayan aikin kuwa suna nan zube a gari. Tsofaffin kwalaye a yanka a rubuta haruffa, gawayi ko alli, bangon zaure ko guntun katako a shafa masa baƙi. Tsakuwa da ƙwallon dabino da karan dawa sun isa koyar da tarawa da ɗebewa. Lissafin kuma a ɗauko shi daga abin da yaro yake gani kullum: in an sayar da kwandon bandar kifi uku a kan kaza kowane, nawa aka samu, in an cire kuɗin man inji nawa ya rage? Mudu nawa ne a buhu, in an raba wa gida huɗu kowa nawa zai samu? Jirgin da aka ƙera don mutum 60 in aka zuba masa 90, mutum nawa suka yi yawa? Yarinyar da take talla ta riga ta iya canji da ka fiye da wasu manya, abin da ya rage a nuna mata yadda ake rubuta shi. Uban da ya ga ɗansa ya zauna ya rubuta masa bashin da dillalai suke riƙe da shi, ba sai an roƙe shi ya turo yaron gobe ba.

Haka ma rubutu. A sa yara su jera sunayen kifayen da suka sani, giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da kurungu da bargi da sauransu, su rubuta su, su zana su, su faɗi da wace koma ko ƙugiya ake kama kowane. A sa su zana taswirar garinsu a ƙasa, ga masallaci, ga kasuwa, ga mashaya, ga hanyar Yelwa. A yi musu bayanin dalilin da ya sa ruwan Kwara yake zuwa sau biyu a shekara, na farko mai laka da ruwan daminar nan kusa yake kawowa, na biyu kuma mai garau da yake isowa cikin sanyin hunturu, bayan ya yi tafiyar watanni tun daga duwatsun ƙasar Gini ya ratso Mali da Nijar. Yaron da ya ji wannan ya yi darasin labarin ƙasa wanda ya fi na haddace sunayen manyan biranen Turai amfani, kuma zai koma gida da abin da zai ba mahaifinsa labari.

Akwai kuma wata taska da take shirin ɓacewa. Wanda yake ɗan shekara goma sha biyu lokacin da ruwan Kainji ya cinye tsofaffin garuruwa a 1968, yau ya kai saba'in ko ya doshe ta. Waɗannan dattawa maza da mata su ne na ƙarshe da suka ga gungaye da gonakin albasa da kasuwannin da yanzu suke ƙarƙashin ruwa. A tura manyan yara, biyu-biyu ko uku-uku, su durƙusa gaban Kaka ko Baba Tsoho su tambaya: ina ne garinku na da, wa yake sarauta, yaya aka yi ƙaurar, me aka bari a can? Su rubuta a littafi, su zo su karanta wa 'yan uwansu. Da jifa ɗaya an sami koyon rubutu, da ladabin zama gaban manya, da adana tarihin da babu wani littafin makaranta da ya ɗauke shi. Su ma tsofaffin za su ji cewa har yanzu ana bukatarsu.

Kada kuma a mai da zaman ya zama wata firamaren ta biyu mai bulala da tsawa, domin yaro hutu aka ba shi, in ya ji ƙunci gudu zai yi. A raba awa biyun: kashi ɗaya karatu, kashi ɗaya lissafi, sauran kuma wasa mai amfani. Kacici-kacici yana wasa ƙwaƙwalwa, dara tana koyar da dabara da ƙidaya, langa da carafke suna motsa jiki, tatsuniya kuma in yaro ya ji ya maimaita da bakinsa, ya koyi tsara magana daga farko zuwa ƙarshe. A sami wanda ya iya karatu da murya mai daɗi ya riƙa karanta musu labari guda kullum daga littafi irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ya tsaya a inda labarin ya yi daɗi ya ce sai gobe. Kwafi ɗaya ya ishi unguwa guda. Yaron da ya ƙagu ya ji ƙarshen labari, shi ne zai so ya iya karantawa da kansa.

A cikin kowane mako kuma a ware rana guda ta lafiya da tsaron rai. A gayyato Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci ya nuna wa yara alamun hadari da iska, da wuraren da kututturen itatuwan da ruwa ya rufe suke, da abin da mutum zai yi in kwale-kwale ya kife. Hukumomi irin su NIWA da HYPPADEC sun sha raba rigunan kariya a yankin, to a aro guda ɗaya a koya wa kowane yaro yadda ake ɗaura ta, don ya tashi yana ganin sa ta ba tsoro ba ne kuma ba rashin tawakkali ba ne. A gayyato ma'aikacin lafiya na gari ya gaya musu cewa jini a fitsari cuta ce mai magani, kuma yin fitsari da bahaya a cikin ruwa shi yake yaɗa ta. A gaya musu haɗarin ƙurar dutsen zinariya, musamman in ana niƙa shi ko wanke shi a cikin gida inda ƙannensu suke rarrafe. Rigakafi ya fi magani.

Wani zai ce, to su wa za su koyar? Amsar tana zaune a majalisar shayi da bakin tasha. A kowane gari akwai 'yan sakandare da su ma hutu suke yi, akwai waɗanda suka gama suna jiran sakamako, akwai ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da na jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi da suke dawowa gida, akwai masu takardar NCE da suka shekara suna neman aiki. Malamin firamare ɗaya mai kishi ya isa ya zauna da matasa goma na kwana biyu ya nuna musu yadda ake gwaji da yadda ake raba rukuni. Matasan ƙungiyoyin addini da ake gani da kayan agaji suna tsare hanya ranar Juma'a da wajen wa'azi, ga wani fagen aikin lada nan wanda ba ya bukatar lasifika. Kuma wanda ya koyar da ƙaninsa haɗa baƙi, shi ma nasa karatun ƙara zama yake yi.

'Yan mata kuwa kada a bar su a baya da hujjar talla ko aikin gida. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira an gina wa matan ƙauye makaranta ba. Ta zaɓi dattijan mata da ake kira jaji, ta koyar da su, ta tura su ƙauyuka suna tara mata a cikin gidaje suna karantar da su, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A kowace unguwa akwai matar aure da ta yi sakandare ko babbar Islamiyya, tana zaune a gida da iliminta. Tsakar gidanta ya isa aji, kuma uwar da take ɗari-ɗarin tura 'yarta wajen samari za ta saki jiki in wajen maƙwabciyarta ce. In ribar tallan ce matsala, a sa zaman a lokacin da ba na ciniki ba.

Akwai masu cewa ai yara suna zuwa allo da Islamiyya, wannan ya wadatar. Babu mai jayayya cewa sanin addini shi ne gaba, kuma ba a ce a taɓa lokacinsa ko da minti ɗaya ba. Amma unguwar da take kukan babu ɗanta a asibiti, babu 'yarta a ɗakin haihuwa, babu nata a ofishin da ake raba taki, ta sani cewa likita da ungozoma da malamin gona duk daga yaron da ya iya karatu a aji uku suke farawa. Ga cibiyar binciken kifi ta ƙasa da kwalejin koyon aikin kifi a Sabuwar Busa, a bakin wannan tafki, me zai hana jikan masunci na Warra ya zama shi ne masanin da ake tambaya a can? Mai Martaba Sarkin Yawuri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau karaga a 1999, sai da ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma shi ma daga harafin farko ya fara. Sannan tunda a ƙasar Ngaski da Shanga akwai maƙwabta da ba Musulmi ba, zaman karatu da lissafi a buɗe shi ga 'ya'yansu, a sanya shi a wurin da kowa zai iya zuwa, domin haƙƙin maƙwabtaka ya haɗa da wannan, kuma jahilcin ɗan maƙwabci ba ya tsayawa a gidansu.

Akwai kuma masu tsoron tara yara wuri ɗaya, kuma tsoronsu yana da dalili. A ranar 17 ga Yuni, 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai, sai a 2023 aka sako 'yan matan ƙarshe. A Nuwamban 2025 aka kwashi fiye da 200 a makarantar Papiri da ke Ƙaramar Hukumar Agwara, can ƙetaren ruwa, cikinsu har da 'yan firamare. Saboda haka ba sansani ake nufi ba, ba kuma kwana ba. Yara goma sha biyar zuwa ashirin ne a cikin unguwarsu, da rana tsaka, inda uwa za ta leƙo ta katanga ta hango ɗanta. Wannan ya fi aminci a kan yaro ya wuni a daji ko a ramin zinariya ba wanda ya san inda yake. Kuma unguwar da ta saba da wannan tsari, duk ranar da aka wayi gari an rufe makarantu ba shiri, karatun 'ya'yanta ba zai tsaya cak ba.

Batun kuɗi kuwa, abin da ake bukata bai wuce na alli da littattafan rubutu da ɗan abin sabulu ga masu koyarwa ba. In Liman ya yi sanarwa Juma'a biyu kafin a ba da hutu, aka zagaya da faranti, ƙungiyar masunta da ta masu jirage da ta 'yan kasuwa kowa ya sa hannu, an gama. Sharaɗi ɗaya ne: kada a sa wa yaro kuɗin shiga, domin ranar da aka sa ko naira nawa ne, ɗan talaka da maraya su ne za su fara zama a gida, su kuwa don su aka yi abin. Kwamitin kula da makaranta na gari da mai unguwa su riƙe lissafi a fili. A ƙarshen hutu a sake yi wa yara gwajin nan na farko, a tara iyaye a ƙofar mai gari, yaron da ya zo bai san harafi ba ya tashi ya karanta jimla a gaban mahaifinsa, a miƙa wa hedimasta sunayen yaran da matakin da kowane ya kai.

Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hutu mai zuwa yana tafe ko an shirya ko ba a shirya ba, kuma ruwa da kasuwa da ramin zinariya da gidan kallo duk sun riga sun shirya karɓar yaran nan. Ya rage ga limamai su faɗa a kan mumbari, masu unguwanni su ba da zaure, matasa su ba da awa biyu, iyaye kuma su saki 'ya'yansu na wannan ɗan lokaci, kowa ya tuna cewa kiwo aka ba shi kuma za a tambaye shi. Allah Ya shirya zuri'a, Ya tsare ta daga sharrin ruwa da na tudu, Ya ba ta ilimi mai amfani, Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Yawuri da sauran ƙasa baki ɗaya. Amin.